Wa Ke Cinye Sararin da Ke Tsakanin Kalmomi? Yadda Ake Tsara Laburaren Mahaɗan Li'irabi

Duk manhajar da ke karanta rubutu mai ƙa'ida, ko fayil ɗin saituna ne, ko saƙon JSON, ko shirin da wani ya rubuta da harshen Python, akwai aikin da dole ta fara yi kafin komai. Za ta ɗauki dogon jerin haruffa wanda a wurin inji ba shi da kai ba shi da gindi, ta gano inda kowace kalma ta fara da inda ta ƙare, sannan ta gano yadda kalmomin suka hau kan juna suka zama jimla. Wannan shi ne li'irabi, abin da yake fitarwa kuwa bishiya ce irin wadda ɗaliban nahawu ke zanawa a allo. Ɓangaren manhajar da ke wannan aiki shi ne mai li'irabi.

Tun asali aikin kashi biyu ne. Na farko yankan kalmomi: a bi haruffa ɗaya bayan ɗaya a tara su gutsure-gutsure, wannan lamba ce, wannan suna ne, wannan alamar tarawa ce, a zubar da sarari da bayanan gefe waɗanda marubucin shirin ya bar wa ɗan'uwansa mutum. Na biyu ginin jimla: a ɗauki gutsattsarin nan a jera su bisa nahawun harshen. A shekarun 1970, a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, an ƙera wa kowane kashi kayan aikinsa. Lex, wanda Mike Lesk da Eric Schmidt suka bayyana a 1975, shi ke yanka, Yacc na Stephen Johnson kuma shi ke gini. Kowannensu yana da ɗan harshensa da fayil ɗinsa, kowanne kuma yana haifar da shirin C. Mai aiki da su ko ya so ya cakuɗa ayyukan biyu ba zai same shi da sauƙi ba, domin katangar tana jikin kayan aikin. Jikokinsu suna nan har yau: Flex da Bison, da kuma Alex da Happy, waɗanda GHC, babban mai sarrafa harshen Haskell, yake karanta Haskell ɗin da su.

Hanya ta biyu daga wata unguwa ta fito, wato wurin masu harsunan da ke ɗaukar aiki kansa a matsayin ƙima, a miƙa shi kamar yadda ake miƙa lamba. William Burge ya taɓo ta a littafinsa na 1975. Philip Wadler a 1985 ya nuna cewa mai li'irabi zai iya dawo da jerin duk hanyoyin da ya yi nasara, in jerin ya zo fanko to ya gaza ke nan. Graham Hutton ya faɗaɗa batun a 1992, daga baya shi da Erik Meijer suka sake masa tufafi a 1996. Tunanin mai sauƙi ne. Ka rubuta ƙaramin mai li'irabi da ya san harafi ɗaya tak. Ka rubuta mahaɗi da ke cewa "wannan, sannan wancan", da wani mai cewa "wannan ko wancan", da wani mai cewa "wannan, sau nawa ya zo". Daga waɗannan ƙanana kake ta ɗora manya har ka kai ga harshe sukutum, duk a cikin harshen da kake rubuta sauran manhajarka, babu wani fayil na daban, babu matakin haifar da shiri. A 2001 Daan Leijen da Meijer suka fitar da takardar laburaren Parsec daga Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, daga nan hanyar ta bar ɗakin darasi ta shiga aikin gaske. Pandoc na John MacFarlane, mai juya rubutu daga wannan tsari zuwa wancan, da ShellCheck mai binciko kurakurai a umarnin shell, duk a kan Parsec aka gina masu karatunsu.

Sai dai wannan sauƙin ya rushe katangar nan. Mai gane harafi ɗaya da mai gane shiri guda duk nau'i ɗaya ne yanzu, mahaɗi ɗaya ke ɗaure su. Babu abin da zai hana marubuci ya tsaya a tsakiyar ƙa'idar jimla ya ce a tsallake sarari a nan, ya manta bai ce haka ba a layi na gaba. Abin da kayan aiki suka daina tilastawa ya koma wuyan tsarin laburaren: yadda aka raba sassansa, wane sashe ya san wane, da kuma wa aka ɗora wa alhakin abubuwa uku da ke cinye lokacin kowane mai wannan sana'a, wato sarari, da ja da baya, da lissafin inda aka kai a cikin rubutu. A ganina, laburare mai kyau shi ne wanda duban jerin sassansa kawai zai gaya maka amsar waɗannan uku.

A ƙasan komai akwai cibiya, kuma ya kamata ta zama ƙarama. A Parsec sunanta Text.Parsec.Prim. Ita ta san abin da ya rage ba a karanta ba, ta san matsayin da aka kai, ta kuma san abin da zaɓi ke nufi. Shawarar da Leijen ya yanke a nan ita ta yi wa duk abin da ke sama siffa. Ba nasara da gazawa kaɗai Parsec yake rarrabewa ba, sakamako huɗu yake ganewa: an ci haruffa an yi nasara, an ci haruffa an gaza, ba a ci komai ba an yi nasara, ba a ci komai ba an gaza. Idan ka ce "wannan ko wancan", ba zai gwada na biyun ba sai in na farkon ya gaza bai taɓa ko harafi ɗaya ba. In ya riga ya ci wani abu kafin ya faɗi, maganar ta ƙare, kuskure ne. Dalili biyu ne suka sa haka. Na ɗaya, abin da aka wuce ana iya sakinsa daga ma'ajiyar inji, ba sai an riƙe rubutun duka don tsammanin komawa ba. Na biyu, saƙon kuskure yana nuna wurin da abin ya ɓaci da gaske, ba farkon jimlar ba. Wanda yake son a koma baya sai ya nema da bakinsa, ta hanyar mahaɗin da ake kira try. Attoparsec na Bryan O'Sullivan ya ɗauki akasin haka: kullum yana komawa baya da kansa, yana karɓar bayanai kashi-kashi yayin da suke isowa, ya fifita gudu a kan kyawun saƙon kuskure, domin rubutun da inji ya aiko wa inji aka yi shi dominsa. Kowanne da gaskiyarsa. Abin lura shi ne wannan shawara ta cibiya ce, sau ɗaya ake yanke ta, kuma duk kayan yankan kalmomin da za a ɗora a sama sai sun yi mata biyayya.

Hawa na gaba shi ne mahaɗan gama-gari, waɗanda ba ruwansu da ko haruffa ake karantawa ko wani abu: maimaitawa, jerin abubuwa da waƙafi a tsakaninsu, abu a tsakanin baka biyu, abin da in ya zo a karɓa in bai zo ba a wuce. Tun da ba su buƙatar komai sai "sannan" da "ko", Mark Karpov, mai laburaren Megaparsec, ya fitar da su gaba ɗaya zuwa ƙunshi mai zaman kansa, parser-combinators, wanda kowane laburare zai iya ara. A nan ma ake ajiye maganin tsohuwar cutar wannan hanya. Ƙa'idar da ta fara da kiran kanta, kamar a ce lissafi shi ne lissafi da alamar tarawa da lamba, za ta yi ta kiran kanta har abada ba ta ci komai ba. Mahaɗi irin su chainl1, da teburin fifikon alamomin lissafi da ake miƙa wa buildExpressionParser ko makeExprParser, su ke kauce wa wannan rami. Bayan su sai hawan da ya san irin abin da ake karantawa, ɗaya na haruffa, ɗaya na bayit. Dogaro kuma hanya ɗaya yake bi: na sama ya san na ƙasa, na ƙasa bai san akwai na sama ba. Wannan duk ba a cika gardama a kansa ba.

Gardamar tana hawan yankan kalmomi, kuma da sarari take farawa. Al'adar da Parsec ya kafa, Megaparsec ya gada, ita ce kowane gutsure ya cinye sararin da ke bayansa, kada ya taɓa na gabansa. Mahaɗin da ake kira lexeme aikinsa ke nan: ya gudanar da abin da aka ba shi, sannan ya share sarari da bayanan gefe har bakin gutsure na gaba. Babban mai li'irabi na can sama shi kaɗai zai share sararin farkon fayil, sau ɗaya, ya kuma tabbatar a ƙarshe cewa babu sauran abin da ba a karanta ba. Mutum zai ce mene ne bambancin, a ci na gaba ko na baya ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma dalilin yana cikin cibiya. Da a ce kowane gutsure sararin gabansa yake fara ci, to a duk inda aka ce "wannan ko wancan", na farkon zai ci sarari sannan ya ga ba shi ake nema ba, ya faɗi bayan ya ci. Parsec ba zai gwada na biyun ba. Sai marubuci ya shiga yayyafa try ko'ina, ya yi asarar duka amfanin nan biyu da aka yi tsarin dominsu. Amma in na baya ake ci, kowane zaɓi yana tarar da harafi mai ma'ana a gabansa, kallo ɗaya ya ishe shi ya ce nawa ne ko ba nawa ba ne. Ina ganin wannan ƙa'ida guda ta fi duk wata dabara da ke cikin laburaren amfani, kuma ba ta aiki sai kowa ya bi ta. Gutsure ɗaya da ya manta ya ishe ya sa shiri ya karɓu yau, gobe ya ƙi karɓuwa don wani ya ƙara sarari kafin waƙafi.

Matsala ta biyu keɓaɓɓun kalmomi ne. A ƙaddara muna ƙera ƙaramin harshe da kalmomin Hausa, muka keɓe "idan" don sharaɗi. Wani ya raɗa wa wata ƙima suna "idanu". Mai gane "idan" zai ci haruffa huɗu ya yi murna, ya bar "u" a tsaye ba mai shi. Gyaran shi ne a ce "idan" ba ta cika ba sai in abin da ya biyo ta ba harafin suna ba ne, kuma in aka tarar harafin suna ne a koma baya kamar ba a taɓa komai ba. Ta ɗaya ɓangaren, mai gane suna dole ya karanta kalmar duka sannan ya duba ko tana cikin jerin keɓaɓɓu, in tana ciki ya ƙi ta. Haka alamomi: in kana da alamar "ya gaza" da kuma "ya gaza ko ya yi daidai" wadda ta fara da harafi iri ɗaya, dole a gwada doguwar tukuna. Lex yana yin wannan da kansa, domin dokarsa ita ce mafi tsawon abin da ya dace shi ke cin nasara, in an yi kunnen doki a ɗauki ƙa'idar da aka fara rubutawa. Mahaɗai ba su da wannan doka, na farkon da ya dace suke ɗauka. Saboda haka wurin try na halak shi ne nan, a cikin gutsure, inda komawar ba ta wuce 'yan haruffa ba. Idan ka ga try ya rungume ƙa'idar jimla guda, galibi alama ce ta cewa wani aikin yanka ya tsallako zuwa inda ba nasa ba.

To ta yaya laburare zai miƙa wa mai amfani waɗannan kaya? Amsar Parsec ita ce fom. A sashen Text.Parsec.Token akwai bayanin harshe mai gurabe 11 da za ka cike: alamar buɗe bayanin gefe, ta rufe shi, ta bayanin layi ɗaya, ko bayani na iya shiga cikin bayani, harafin da suna ke farawa da shi, haruffan da ke iya biyo baya, haka kuma biyu na alamomi, jerin keɓaɓɓun kalmomi, jerin keɓaɓɓun alamomi, da ko ana bambanta babban baƙi da ƙarami. Ka miƙa wa makeTokenParser, ya dawo maka da cikakken kaya: mai gane suna, mai gane lamba, mai gane zance a cikin alamar ɗauko magana, baka iri-iri, waƙafi, duk sun san dokar sarari. Akwai ma fom da aka riga aka cike a Text.Parsec.Language, irin su haskellStyle da javaStyle. Ga ɗalibin da ke rubuta harshensa na farko wannan alheri ne babba, domin yana samun daidai tun kafin ya san abin da zai iya ɓacewa.

Amma rigar kanti ce, an ɗinka ta a jikin Haskell. In jikinka ya zo daidai ka huta, in bai zo ba babu inda za ka farke ka ƙara. Gurbin bayanin layi ɗaya guda ne, alhali PHP tana da iri biyu. Pascal ma tana da hanya biyu ta buɗe dogon bayani. Sabon layi kullum sarari ne a wurinsa, don haka duk harshen da ƙarshen layi ke da ma'ana a cikinsa ya fita. Zance yana bin dokokin Haskell na haruffan da ake sakayawa, waɗanda ba su ne na JSON ba. Lambar da aka rubuta 010 goma ce a wurinsa, alhali a harshen C takwas ce. Mai gane lamba mai alama yana yarda a bar sarari tsakanin alamar ɗebewa da lambar, abin da ba kowane harshe ke so ba. Wanda ya ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan yakan rubuta nasa gutsuren a gefe, sai fayil ya koma rabi na fom rabi na hannu, ga dokar sarari tana wurare biyu.

Megaparsec, wanda Karpov ya tsago daga Parsec a 2015, ya watsar da fom ɗin. Sashensa Text.Megaparsec.Char.Lexer 'yan ƙananan kaya ne kawai. Akwai space, wanda kake ba shi abu uku, mai cin sarari da mai cin bayanin layi da mai cin dogon bayani, ya haɗa maka su. Akwai lexeme da symbol, kowanne sai ka miƙa masa mai cin sararin da kake so. Akwai masu gane lamba ɗaiɗai, da signed wanda kai za ka gaya masa ko a yarda da sarari bayan alama. Mai gane suna da keɓaɓɓiyar kalma kuwa babu, kai za ka rubuta, layi kaɗan ne. Ribar da ke cikin wannan ita ce mai cin sarari ya zama abin da ake miƙawa, don haka kana iya mallakar biyu, ɗaya yana haɗiye sabon layi ɗaya yana tsayawa a bakinsa. Da waɗannan biyun ake gina harsunan da ke gane ƙarshen sashe ta yadda aka tura layi ciki, dokar da Peter Landin ya bayyana tun 1966, wadda Haskell da Python suke bi kowacce da salonta. Kayan indentBlock da lineFold don haka aka yi su. Akwai kuma tagwayen wannan sashe na masu karanta bayit, da sunaye iri ɗaya. Ni dai wannan tsari na fi yarda da shi, ba don ya fi sauƙin farawa ba, domin bai fi ba. Na fi yarda da shi ne don yana sa mai amfani ya rubuta dokar sararinsa da hannunsa a wuri ɗaya sananne, ranar da harshensa ya kauce wa Haskell kuma ya san layin da zai gyara.

Akwai wasu amsoshin. Edward Kmett, a ƙunshinsa parsers wanda laburaren trifecta ke tsaye a kai, ya mayar da dokar sarari sifar nau'in mai li'irabin kansa, ta yadda ba sai an yi ta miƙa ta ba, in za ka sauya ta sai ka naɗe shi a sabon nau'i. Nom na Geoffroy Couprie, a harshen Rust, ya jera sassansa bisa siffar aiki, na zaɓi, na jeri, na maimaitawa, na bayit, na haruffa, na lambobi, ya kuma raba wasunsu gida biyu, na cikakken rubutu da na wanda ke isowa kaɗan-kaɗan. Hawan yankan kalmomi bai tanada ba, sai dai misalai a takardunsa na yadda mutum zai naɗe gutsurensa da mai cin sarari. Ga laburaren da ya yi suna wajen karanta tsarin fayilolin bayit wannan ba abin mamaki ba ne, amma mai gina harshen shirya manhaja a kansa ya sani cewa hawan nan shi zai gina.

Duk wannan kuwa a kan zaton yanka da gini tare suke tafiya, harafi-harafi. Ba dole ba ne. Ana iya yanka rubutun duka tukuna ya zama jerin gutsattsari, kowanne ɗauke da layinsa da gurbinsa, sannan a sa mahaɗai su bi ta kan jerin. Tafiya tare tana da ƙarfi inda ma'anar harafi ta dogara da wurin da ya faɗo. A JavaScript, karkatacciyar sanda na iya zama rabawa, tana iya zama farkon tsarin neman rubutu, kuma mai yanka shi kaɗai ba zai sani ba sai ya san abin da ya gabata. A C++ kafin daidaitawar 2011, alamun rufe samfuri biyu in suka haɗu mai yanka yakan ɗauke su alama ɗaya ta daban, dole marubuci ya raba su da sarari. A C, suna ɗaya na iya zama na nau'i ko na ƙima, har sai da aka buɗe wa mai yanka ƙofar leƙa teburin sunaye. Mai li'irabin da ke tafiya harafi-harafi ya san inda yake a cikin jimla, yawancin irin wannan ruɗani ba ya ma tasowa a wurinsa. Rabawa kuma tana da nata ƙarfin. In an koma baya ba a sake yanka abin da aka riga aka yanka. Saƙon kuskure yana cewa an ga keɓaɓɓiyar kalma kaza inda ake jiran suna, maimakon ya ce an ga harafin "i". Kuma Python tana warware turin layi tun a matakin yanka, ta hanyar saka gutsattsarin da ba a gani masu nuna shiga da fita, sai nahawun ya ɗauke su kamar baka. Har lokacin da aka sauya mata mai li'irabi a sigar 3.9 a 2020, matakin yankan nan yana nan.

Laburare bai kamata ya zaɓar wa mutum ɗaya daga cikin biyun nan ba, kuma hanyar da zai kauce wa zaɓar ita ce cibiyarsa kada ta san harafi. Parsec da Megaparsec duk suna da abin da suka kira Stream, yarjejeniya ce da duk wani jeri zai iya cikawa, ko na haruffa ko na gutsattsarin da mutum ya ƙirƙira. Megaparsec daga baya ya raba yarjejeniyar, ya ware abin da ake buƙata don karatu daga abin da ake buƙata don nuna kuskure da lissafin layi, saboda wanda ya kawo jerinsa ba sai ya cika duka ba. Shawarata ga mai ƙaramin harshe ita ce ya tafi tare. In harshen ya girma, ya sami dokar turin layi mai sarƙaƙiya, ko masu amfani da shi suna buƙatar saƙon kuskure mai tsabta, ya raba.

Akwai wurin da wannan magana ta taɓo mu kai tsaye, mu masu rubutu da ɓ da ɗ da ƙ. Amsar tambayar "mene ne harafi" a hawan haruffa take, kuma laburare ba su yi daidai a kanta ba. Mai gane harafi na Parsec da na Megaparsec suna bin Unicode, don haka "ƙofa" suna ne lafiyayye a wurinsu. Alpha1 na nom kuwa baƙaƙen ASCII kaɗai ya sani, zai tsaya cak a bakin ƙ. Mai karanta bayit ma ba ƙ yake gani ba, bayit biyu yake gani, domin haka UTF-8 ke ajiye ta, kuma in da bayit ake lissafin gurbi to manunin kuskure zai kauce da ɗaya bayan kowane harafi mai lanƙwasa. Inda harshe bai bambanta babban baƙi da ƙarami, mai ƙanƙantar da harafi irin na ASCII zai bar Ƙ yadda take, sai "Ƙofa" da "ƙofa" su zama sunaye biyu. Sai kuma alamar hamza. Abin da ake rubutawa ƴ a Nijar, a Najeriya 'y ake rubutawa, kuma wannan ɗigon sama shi ne yawancin harsunan manhaja ke buɗe harafi ko zance da shi. Haskell tana yarda da shi a tsakiyar suna, don haka "jama'a" zai shiga, amma sunan da ya fara da shi ba zai shiga ba. Unicode tana da wani ɗigon mai kama da shi wanda ta lissafa a cikin haruffa, da wani da ta lissafa a cikin alamomin rubutu, ido kuma da wuya ya bambanta su. Mai karanta rubutun ƙamus da ke da alamun karin sauti zai tarar wasali mai alama yana iya zuwa a dunƙule ko a rabe gida biyu, shi ya sa Python 3 take daidaita sunaye zuwa siffa ɗaya kafin ta kwatanta su. Duk waɗannan shawarwari ne da ya kamata su zauna a layi biyu ko uku na sashen yanka. In suna warwatse cikin nahawu, gyaran ɗaya zai bar goma.

Saƙon kuskure ma a nan ake shirya shi. Kowane gutsure a raɗa masa laƙabi, ta yadda mai amfani zai karanta "ana jiran suna" maimakon jerin duk haruffan da suna zai iya farawa da su. Sarari da bayanan gefe kuma a ɓoye su daga saƙon, domin kusan ko'ina suna iya zuwa, faɗinsu surutu ne kawai. Parsec da Megaparsec duk suna yin hakan a cikin mai cin sararinsu, wanda wani dalili ne na kada mutum ya riƙa tsallake sarari da hannu a wasu wurare.

Shi kuma mai amfani da laburaren, tsarin da ya gada shi zai maimaita a aikinsa: fayil ɗaya na siffar bishiya, ɗaya na gutsattsari, ɗaya na nahawu. Gwajin da nake ba kowa shi ne ya buɗe fayil ɗin nahawu ya duba abin da ya shigo da shi a sama. In sashen haruffa na laburaren yana cikin jerin, akwai inda ake yanka a ɗakin gini, a nemo shi a mayar da shi gidansa. Wuri ɗaya da wannan gwaji ke sassautawa shi ne zancen da ake cusa lissafi a cikinsa, kamar yadda Python da JavaScript suke yi, inda mai yanka zance dole ya kira mai ginin jimla a tsakiyar aikinsa. A nan ma ba sai sashen gutsattsari ya shigo da na nahawu ba. Sai a rubuta mai gane zancen ta yadda zai karɓi mai li'irabin lissafi a matsayin abin da aka miƙa masa, nahawu ya miƙa masa daga sama a lokacin kira, shi kuma ya dakatar da cin sarari a cikin zancen, ya dawo da shi a cikin lissafin da aka cusa, ya sake dakatar da shi da zarar an rufe.